Wane Ne "Wani Bawan Allah"?

Laccar da akawun ofishin jam'iyyarmu ya yi a Gusau, gaban 'ya'yan jam'iyya da 'yan kasuwa na Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

 Ina yi wa mutanen Tsafe da na Bunguɗu barka da zuwa da sannu da hanya, don na san halin da hanya ta ke ciki a wannan zamani. Na kuma san cikinku akwai wanda ya rufe rumfarsa, ya yi hasarar cinikin yini guda, don ya zo nan. Allah ya mayar da alheri.

Ni ba gwanin lacca ba ne, akawu ne. Aikina rubuta rasit da haɗa lissafi, saboda haka ku yi haƙuri in maganata ta cika yawan ƙidaya. A makarantar Mishan inda na yi karatu, malaminmu na lissafi ba ya karɓar amsa ko da daidai ce, sai ka nuna masa hanyar da ka bi ka same ta. In ka ce masa arba'in, sai ya dube ka ya ce, "Daga ina?" To, wannan tambaya tasa ita na kawo muku yau, a kan kuɗin da a ke kashewa wajen neman ƙuri'arku.

Bari in fara da abin da ya faru gare ni. Ana saura 'yan makonni a yi zaɓen 2023, wata rana bayan sallar isha'i ina shirin kulle ofis, sai ga wani mutum ya yi sallama, yaronsa na biye da shi da jaka. Kun tuna lokacin, watau sa'ad da aka canja kuɗi, ku ke kwana a layin banki, mai buhun masara ya rasa mai saye don babu takardar kuɗi a hannun kowa. A wannan lokaci ne aka buɗe mini jaka, na ga sababbin kuɗi ɗauri-ɗauri, ko ƙura ba su taɓa ba. Ya ce gudummawa ce daga wata ƙungiya ta masu son ci gaban jiha. Na jawo littafin rasit, na ce sunan wa zan rubuta? Ya ce in rubuta ƙungiya. Na ce ina ofishinta, wane ne shugabanta, wane ne ma'ajinta? Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Malam Akawu, wani bawan Allah ne ya ba da, ba ya son a ambaci sunansa." Na ce masa alƙalamina bai iya rubuta wannan suna ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ba zan ɓoye muku ba, washegari na sha faɗa. Lokacin ko kuɗin man da za mu kai wakilanmu rumfunan zaɓe ba mu da shi. Har yau akwai dattijon da in na gaishe shi, amsar ba ta fita sosai. Ban zo nan don in yabi kaina ba kuwa, gama ni kaina na kwana ina juyi, ina tunanin ko wauta na yi. Na kawo labarin ne don ku san wannan bawan Allah ba ƙofar masu mulki kaɗai ya ke ƙwanƙwasawa ba. Yana zuwa ƙofar 'yan hamayya ma, domin shi ba ruwansa da wanda ya ci, muddin dai wanda ya ci ɗin yana riƙe da bashinsa.

Na ce bashi, kuma da gangan na faɗa. Ku manoman Bunguɗu da Kwatarkwashi kun san ba-da-kaka. Da damina abinci ya ƙare, mai kuɗi ya miƙo maka abin da za ka yi cefane, ka yi godiya har da durƙusawa. Ranar da ya miƙo, kyauta ta ke kama da ita. Sai kaka ta yi, ka ga jakinsa a bakin gona tun ba ka gama sussuka ba. Amma ko ba komai manomi ya san wanda ya ba shi, ya san buhu nawa zai biya. Kuɗin zaɓe na ɓoye ya fi wannan muni, don ɗan takara ne ya ke ci, ku ne ku ke biya, ba ku san mai bin ku ba, ba ku san adadin ba, ba ku san ranar da zai aiko ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, amma a nan wani ya ci lada, ku aka miƙa wa aska.

Za a ce mini, ai malamai sun koya mana sadakar ɓoye ta fi lada. Gaskiya ne, ban musa ba. Wanda ya kai wa maraya abinci da dare don kada a gan shi, Allah ya saka masa. Amma maraya ba ya ba da kwangila, ba ya sa hannu a takardar fili, ba ya naɗa kwamishina. Kuma malaman nan su ne suka gaya mana ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alkur'ani ita ce wadda ta yi umurni a rubuta bashi, a kafa shaidu. To, a ware mana, wanne ne sadaka, wanne ne bashi.

Yanzu ga yadda a ke yin abin, don ba sihiri ba ne. Mai kuɗi ba ya kai wa ɗan takara hannu da hannu inda za a gani. Sai a tara samari biyar ko goma, a laƙaba musu suna mai daɗi, wai ƙungiyar goyon baya, ko gidauniyar taimakon marayu da zawarawa, ko haɗaɗɗiyar ƙungiyar matasa. Wata a yi mata rajista a Abuja kamar ƙungiyar taimakon jama'a wadda ba riba ta ke nema ba, wata kuwa ko rajistar babu, iyakarta allo da hatimi. Kuɗi su shiga wurinta. Ita za ta buga hotuna, ta ɗauki hayar motoci, ta biya mawaƙa, ta sayi fili a gidan rediyo, ta raba taliya da sabulu da turmin atamfa mai hoton ɗan takara. In ka tambayi ɗan takara nawa ya kashe, sai ya ce shi bai kashe ko kwabo ba, masoya ne. In ka tambayi ƙungiya, sai ta ce ita ba jam'iyya ba ce, Hukumar Zaɓe ba ta da hurumin duba littafinta. Kun ga an wanke kuɗi tas, ba su da uba. Ana gama zaɓe sai a cire allo, ɗakin ya koma shagon cajin waya. Ku mutanen Gusau ku bi titin Sabon Gari da Tudun Wada da idon zuci, ku ƙirga irin waɗannan alluna nawa kuka gani kafin zaɓen da ya wuce, nawa suka rage.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Tsarin Mulkin ƙasar nan na 1999 ya hana wannan ƙiri-ƙiri. Sashe na 221 ya ce ban da jam'iyyar siyasa, babu wata ƙungiya da ke da ikon nema wa ɗan takara ƙuri'a, ko ta zuba kuɗi cikin asusun jam'iyya, ko cikin abin da ɗan takara zai kashe a zaɓe. Sashe na 225 ya tilasta wa kowace jam'iyya ta kai wa Hukumar Zaɓe bayanin inda ta samo kuɗinta kowace shekara, ya kuma hana ta riƙe kuɗin da aka aiko daga ƙasar waje. Dokar kamfanoni ta 2020 ita ma ta hana kamfani ya ba jam'iyya kyauta. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ƙara da cewa kada jam'iyya ta karɓi gudummawar da ba a san mai ita ba, kuma duk wanda ya ba da abin da ya wuce naira miliyan 1, a rubuta sunansa da adireshinsa. Ta yanka wa mai neman Shugaban Ƙasa kada ya kashe fiye da biliyan 5, mai neman Gwamna biliyan 1, Sanata miliyan 100, ɗan Majalisar Wakilai miliyan 70, ɗan Majalisar Jiha miliyan 30. Mutum guda kuma kada ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50.

A takarda kam babu abin da ya rage. Amma ku ji hukuncin da dokar ta tanada ga ɗan takarar da ya ƙetare haddi: tarar kashi ɗaya bisa ɗari na haddin, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyu. Mu yi lissafi tare. Kashi ɗaya bisa ɗari na biliyan 1 shi ne miliyan 10. Wanda ya iya zubar da biliyan uku don ya hau kujera, miliyan 10 kuɗin goro ne a wurinsa. Cikinku wa ya taɓa jin an ɗaure wani gwamna don ya wuce haddin kuɗin zaɓe? Mai tebur a bakin tasha kuwa, in bai yanki tikitin kasuwa ba, kafin azahar an kwashe kayansa.

Kada ku ɗauka sabon abu ne, ko halin jam'iyya guda. A 1962 Hukumar Binciken Coker ta tono yadda kuɗin Hukumar Ciniki ta Jihar Yamma, watau gumin manoman koko, suka bi ta wani kamfani suka faɗa asusun jam'iyyar Action Group. A 1993 wata ƙungiya mai suna ABN, ta Arthur Nzeribe, ta samo umurnin kotu a Abuja ran 10 ga Yuni na a dakatar da zaɓen da za a yi ran 12. An yi zaɓen, amma daga baya aka soke shi, ƙasa ta shiga ruɗanin da ta yi shekaru ba ta fita ba. A watan Maris na 1998 ƙungiyar YEAA ta Daniel Kanu ta kwashi mutane daga ko'ina zuwa Abuja, wai matasa ne ke roƙon Janar Abacha ya zarce. Wa ya biya motocin, wa ya biya makaɗan? A 2014 ƙungiyar TAN ta zagaye shiyyoyin ƙasar nan da manyan taruka, tana ta talla a talabijin, tana neman Shugaba Jonathan ya sake tsayawa, alhali ita ba jam'iyya ba ce.

Amma wanda na fi so ku riƙe shi ne liyafar da aka yi a fadar Shugaban Ƙasa ran 20 ga Disamba 2014. A dare guda aka yi shelar an tara wa PDP naira biliyan 21 da ɗoriya. A lokacin, bisa dokar 2010, haddin mai neman Shugaban Ƙasa biliyan 1 ne, mutum guda kuwa ba shi da ikon ba ɗan takara fiye da miliyan 1. To yaya aka yi? Ba a ce Alhaji wane ya ba da kaza ba, sai ƙalilan. Cewa aka yi masu harkar mai da gas sun ba da biliyan 5. Masu harkar gidaje biliyan 4. Shugaban kwamitin tara kuɗin, Farfesa Jerry Gana, ya yi shelar biliyan 5 a madadin abokansa na harkar wutar lantarki. Abokai! Ku tuna a watan Nuwamba 2013, watau shekara guda kafin wannan dare, aka miƙa kamfanonin wutar lantarkin ƙasar nan ga 'yan kasuwa. Da surutu ya yi yawa sai aka ce ai kuɗin na jam'iyya ne, ba na ɗan takara ba. Ni ban ce an yi ciniki ba. Na ce dai mai injin niƙa a Gusau, wanda a ke kawo wa takardar kuɗin wuta ko ya ga wuta ko bai gani ba, yana da hakkin ya san sunayen abokan nan.

Waɗanda suka karɓi mulki a 2015 da alkawarin gyara fa? A watan Satumba 2018 wata ƙungiya mai suna NCAN ta saya wa Shugaba Buhari fom ɗin takara a kan naira miliyan 45, aka kai masa har fada, ya karɓa. A 2022 APC ta sa fom ɗin Shugaban Ƙasa miliyan 100, na Gwamna miliyan 50. Nan ne fa wasan ya fito fili. A watan Mayu sai muka ji wai makiyaya da almajirai sun haɗa miliyan 100 sun saya wa tsohon Shugaba Jonathan fom. Shi da kansa ya ce ba da yawunsa ba. Jama'a, almajirin da ke yawo da ƙoƙo a Tsafe yana neman ɗumame, shi ne ya tara miliyan 100? Muka kuma ji wai manoman shinkafa da wasu ƙungiyoyi sun saya wa Godwin Emefiele, wanda a lokacin shi ne Gwamnan Babban Banki, kuma bankinsa ne ke raba wa manoman shinkafa rance. Shi ma ya ce in zai tsaya da kuɗinsa zai saya. Akwai masu noman shinkafa a wannan taro. Wanda aka karɓi karo-karo a hannunsa ya ɗaga hannu. Kun gani, babu. An ari sunanku an yi lulluɓi da shi.

Ga wani lissafin kuma. A lokacin zaɓen 2023 tsurar albashin Gwamna, ban da alawus, naira miliyan 2 ne da 'yan kai a shekara. A shekara huɗu bai kai miliyan 10 ba. Fom kaɗai miliyan 50. 'Yan kasuwa, wa zai sayi kaya hamsin don ya sayar goma, in ba ya san akwai wata ribar a ƙarƙashin buhu ba?

Mu dawo gida. A 2018 Hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon Gwamnan jihar nan Mahmud Aliyu Shinkafi, da tsohon ƙaramin Ministan Kuɗi Bashir Yuguda, da wasu mutum biyu, gaban Babbar Kotun Tarayya a nan Gusau. Zargin shi ne sun karɓi naira miliyan 450 gabanin zaɓen 2015, daga cikin dala miliyan 115 da hukumar ta ce tsohuwar Ministar Mai, Diezani Alison-Madueke, ta sa aka rarraba a jihohi saboda zaɓe. Sun ce ba su aikata ba, ni kuwa ba alƙali ba ne, ba ni da ikon ɗora wa kowa laifi. Abin da ya dame ni daban ne. Ranar da aka jefa ƙuri'a a 2015 babu talaka ko guda a Gusau da ya ji labarin waɗannan kuɗi. Sai da mulki ya canja hannu. Watau ba mu jin sunan bawan Allah sai ranar da gwaninsa ya faɗi.

A jiha irin tamu kuwa wannan duhu ya fi haɗari. Ƙasarmu tana da zinariya. Mun ga abin da haƙarta ta jawo a 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar nan a watan Afrilu 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a watan Disamba 2024. A 2021 an rufe kasuwannin mako, an yanke waya, ku kuka san abin da kuka yi hasara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce akwai wanda ya cuta, akwai wanda ya amfana. Ban ce duk mai ba da kuɗi a ɓoye mai ramin zinariya ne ba, ko mai neman kwangilar taki. Amma in shi ne, ta yaya za mu sani? Ranar da ku da shi kuka kai kuka a kan abu guda, ku ta bakin ƙofa, shi ta waya da tsakar dare, wa za a saurara?

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka, tun da Kotun Ƙolinsu ta yanke wani hukunci a watan Janairu 2010 wanda ya sake wa kamfanoni da ƙungiyoyi mara su kashe abin da suka ga dama a kan zaɓe, irin waɗannan ƙungiyoyi da ba a tilasta musu faɗin masu ba su kuɗi suka yi ta bunƙasa. Ga misali guda da zai nuna muku inda bashin ke ƙarewa. A jihar Ohayo kamfanin wutar lantarki mai suna FirstEnergy ya zuba wajen dala miliyan 60 cikin wata ƙungiya, Generation Now, wadda a takarda ta kyautata rayuwar jama'a ce. Ashe ta wani ɗan majalisa ce, Larry Householder. Da kuɗin ya taimaki mutanensa suka ci zaɓe, suka naɗa shi Shugaban Majalisar jihar. A 2019 ya tura doka wadda ta ɗora wa masu biyan kuɗin wuta fiye da dala biliyan 1 don a ceto tashoshin lantarki biyu. Kun ga ba-da-kaka sak: sittin da damina, dubu da kaka, daga aljihun talaka. Bambancin kawai, can an kama shi a 2020, aka yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2023.

A Indiya kuma gwamnati ce da kanta ta ƙirƙiro wata takarda a 2018, ka saya a bankin gwamnati ka miƙa wa jam'iyyar da ka ke so, ba mai jin sunanka. Mutane suka kai ƙara, suka yi ta bibiya shekara da shekaru. Ran 15 ga Fabrairu 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe tsarin, ta ce mai jefa ƙuri'a yana da hakkin sanin masu ciyar da jam'iyyu, ta tilasta wa bankin ya fito da sunaye. Da aka buɗe littafi, wanda ya fi kowa saye wani kamfanin caca ne da hukumomin gwamnati ke bincike a kansa.

Akwai wata magana da wani ɗan'uwa mai sayar da yadi ya yi mini, kuma tilas in amsa ta, don tana da nauyi. Ya ce, "Akawu, kana cewa a bayyana suna. Ni in aka ji na ba 'yan hamayya dubu biyar, gobe a ce rumfata tana kan hanya." Wallahi gaskiyarsa. Iyayenmu da kakanninmu da suka yi NEPU tun kafa ta a Kano a 1950 sun san wannan, an ɗaure wasu, an yi wa wasu bulala, an kori wasu daga gari don kawai an gan su da katin jam'iyya. Ko a Amurka, a 1958, Kotun Ƙoli ta hana gwamnatin jihar Alabama karɓar sunayen 'ya'yan ƙungiyar baƙar fata ta NAACP, don ta san abin da za a yi musu in an samu. Saboda haka ba sunan mai dubu biyar mu ke nema a kafa a bango ba. Talaka yana ɓoye sunansa don tsoron mai mulki. Mai miliyan ɗari kuwa tsoron wa ya ke yi? Ku ya ke ɓoye wa. Dubu biyar ba ta sayen kwamishina. Shi ya sa dokar 2022 ta sa iyaka a miliyan 1, kuma a ganina wannan iyaka daidai ce: ƙasa da ita ma'aji ya sani ya rufa asiri, sama da ita duniya ta sani.

Wani zai ce, to mu ina ƙarfinmu, doka a ƙasar nan ai ado ce. Mutumin Zamfara bai kamata ya faɗi haka ba. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta zubar da ƙuri'un APC gaba ɗaya a jihar nan, tun daga na Gwamna har na 'yan majalisa, don jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba. Ƙuri'a fiye da dubu 500 ta Gwamna ta tashi a banza, wanda ya zo na biyu ya hau. Wannan bai faɗo daga sama ba, ɓangaren Sanata Kabiru Marafa, wanda ke wakiltar wannan yanki namu a lokacin, su suka riƙe shari'ar har ƙarshe. Ko kana murna da hukuncin ko kana baƙin ciki, ka ga doka ta ciji jam'iyya mai mulki ranar da aka samu masu bin ta. Sashe na 221 yana nan kwance, masu tashinsa ya rasa.

Ban kuma ce ku ƙi karɓar taliya ba. Ni ba zan tsaya gaban uwar marayu, wadda 'yan bindiga suka raba da gonarta, in ce mata ta mayar da abinci ba. Amma in mai rabo ya zo, ku tambaye shi yadda ku ke tambayar baƙon da ya jawo saniya kasuwa da asuba. Ba dillalin kirki da zai karɓi igiyarta bai san mai ita ba, don ya san in ta zama ta sata shi za a kama. Ku ce masa, wa ya aiko? In ya ce ƙungiya, ku ce wa ya ba ƙungiya? In ya ce wani bawan Allah, ku ce ku ma bayin Allah ne, ga sunayenku a rajistar zaɓe har da hoto da zanen yatsa, shi me ya hana nasa fitowa? In ɗan takara ya zo kasuwa neman ƙuri'a, Sarkin Kasuwa da shugabannin 'yan tebur su sa shi ya faɗi gaban jama'a wanda ya saya masa fom. Ɗan takararmu ma kada ku raga masa, ku fara da shi.

Dokar 2022 ta ce bayan zaɓe kowace jam'iyya ta kai wa Hukumar Zaɓe jerin masu ba ta gudummawa cikin wata 3, da lissafin abin da ta kashe cikin wata 6, ta kuma ce hukumar ta ajiye wannan lissafi a ofisoshinta na jihohi don duk mai so ya duba. To, mun rubuta takarda zuwa ofishin hukumar na nan Gusau, muna neman a nuna mana na zaɓen 2023, na dukan jam'iyyu har da tamu. Ina roƙon Shugaban taro a ba ni mutum uku da za su raka ni mu kai ta, ɗaya daga Gusau, ɗaya daga Tsafe, ɗaya daga Bunguɗu, kuma ina so a samu mace cikinsu, don uwar adashi ta fi ni ganin inda lissafi ya karkace. Abin da aka nuna mana, ko aka hana mu, za mu buga shi a wannan jarida.

Littafin ma'ajinmu kuwa ga shi na zo da shi, yana kan teburin nan. Abin da ya shigo da abin da ya fita duk suna ciki, shafin ƙananan masu karo-karo kaɗai na rufe saboda dalilin da na faɗa. Ba shi da kauri, za ku gama shi kafin la'asar. Wanda bai iya boko ba ya zo in karanta masa, wanda ya ga kuskure ya nuna mini gaban jama'a.